Ranar da Gadon Gahawar Mansur Ya Ɓurma

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da gadon gahawar Mansur ya ɓurma ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina ɗalibi, ba ni da abokin hira sai littafi. A nan na karanta yadda Amurkawa ke adana tsofaffin masaukansu na zamanin mulkin Ingila, inda matafiya kan ci su sha su kwana. Akan kewaye kujerun da igiya, a zo a kalla, ba a zama. Sai na tuna da gahawar unguwarmu, wato shagon da ake zama a sha shayi da gahawa. A cikinta akwai mirkaz, wani dogon gado mai saƙar kaba, inda kakanninmu da suka taho aikin hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan suke fara sauka. A ba baƙo shayi tukuna, sannan a tambayi sunansa.

Mansur, mai gahawar, ya rasu, ɗansa kuma ya ƙudurta mayar da wurin shagon waya. Da ƙyar na iya buɗe baki na roƙe shi ya bari a yi walimar tunawa.

"Juma'a ɗaya," ya ce. "Daga nan halas, an gama."

Na share, na goge, na kewaye gadon da jar igiya kamar yadda na karanta.

Bayan la'asar dattawa suka cika wurin, suka tsaya cirko-cirko. Wani tsohon tela ya dube ni.

"Ɗan nan, gawa aka kwantar a nan?"

"A'a Baba, kayan tarihi ne."

"To, ai ni ma kayan tarihi ne."

Ya tsallake igiyar ya zauna, abokansa biyu suka bi shi. Saƙar ta yi ƙara, sai ga su a ƙasa, ƙafafu a sama.

Aka sha dariya, sannan gardama ta tashi. Tela ya ce saƙar Sakkwato za a yi. Wani ya ce ubansa ne ya saƙa ta farko, irin ta Damagaram, ba mai canza ta. Washegari suka zo da kaba. Wannan ya saƙa, wancan ya warware, ana ta kiran shayi. Ɗan mai gahawa yana dafawa yana ƙunƙuni, don ba ya iya korar sa'o'in ubansa. A haka zancen shagon waya ya bi ruwa. Har yau gefe ɗaya na gadon bai kammalu ba.

Tun ranar na gane cewa kallo ba ya raya tsohon wuri. Masu zama a cikinsa suna gardama su ke raya shi.