Malam Labbo da Kwanan Watan Bara

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin nan na Gusau, inda wata ƙungiya ke ƙididdigar amfanin gona, ya san Malam Labbo. Mutumin Nahuce ne, dogo siriri, kullum da biro uku a aljihun gaba. Tun yana yaro mahaifinsa ya gane ba manomi ya haifa ba, don in an tura shi noma sai a tarar da shi a bakin gona yana ƙirga zangarniya. Da takarda da kalkuleta ya fara aiki, yana yawo a babur daga Magami zuwa 'Yandoto. Manomi zai ce dami arba'in ya samu, Malam Labbo ya leƙa rumbu ya ce, "Hamsin da biyu dai." Kuma in an ƙirga, hamsin da biyun ne.

Da kwamfuta ta zo ya koyi manhajar lissafi guda ɗaya, ya riƙe ta shekara goma sha biyar, har ido rufe yana iya sarrafa ta. Sai hedkwatar ƙungiyar a Abuja ta kawo sabuwa, wadda ke aika sakamako kai tsaye zuwa babbar kwamfutarsu ta can, wadda suke kira saba. Aka yi bita ta kwana uku. Malam Labbo ya zauna a sahun gaba yana gyaɗa kai, bai fahimci komai ba sai maɓallin aikawa, kuma bai yi tambaya ko ɗaya ba, don masu ɗaga hannu duk sa'o'in 'ya'yansa ne. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, shi kuwa ya naɗa nasa har da kunne biyu.

Lasisin tsohuwar manhajar ya ƙare. Wani mai gyara a gari ya koya masa dabara: ya mayar da kwanan watan kwamfutar zuwa bara, sai ta buɗe. Haka ya riƙa yin lissafinsa a ɓoye cikin tsohuwa, ya kwafe sakamakon ya zuba a sabuwa ya aika. Duk ofis suna bana, kwamfutarsa tana bara, kuma wata shida babu wanda ya lura.

Da kaka ta yi, ana tsakiyar haɗa rahoton girbi, hedkwata ta tsananta tsaro. Duk kwamfutar da kwanan watanta bai yi daidai ba, saba ta kulle ta, sai jami'in kula da na'urori ya kira Abuja an buɗe. Wata Litinin Malam Labbo ya danna aikawa, allo ya ce masa an kasa haɗuwa da saba. Ya ɗaga murya ya kira Suwaiba.

Suwaiba ce mai kula da na'urorin ofishin. Daga Tsafe take shigo mota kullum, tana da 'ya'ya uku, kuma aikinta na kwantiragi ne da ake sabuntawa duk ƙarshen shekara. Marigayi mahaifinta, Malam Tambaya, abokin yawon ƙidayar Malam Labbo ne, shi ya sa Baba take ce masa. Ta duba waya, ta duba netwok, ta kashe ta kunna, ta fita tsakar ofis ta kira Abuja. Bayan azahar abu ya tashi. Washegari da safe Malam Labbo ya ga kwanan wata ya dawo bana, ya yi tsaki ya mayar da shi bara don ya yi aikinsa, saba ta sake kulle shi.

A rana ta uku ya gane. Yana mayar da kwanan watan, saƙon kasa haɗuwa da saba ya fito a gaban idonsa. Amma rahoto na jiransa, shi kuwa bai san wata hanya ba. Ya ce wa kansa yau kaɗai. Haka ya yi ta faɗa har kullewar ta kai sau tara, kuma sau tara Suwaiba na tsayawa cikin rana tana ba mutanen Abuja haƙuri.

Shugabar ofis, Hajiya Asiya, ta tara su. "Suwaiba, hedkwata sun ce babu ofishin da aka kulle sau tara sai namu. Mene ne matsalar?"

"Hajiya, ina kan bincike."

"Kwana tara kina bincike? Malam Labbo, kai da ke kan kwamfutar, ka ga wani abu?"

Ya gyara zaman hularsa. "Ni dai lissafi nika yi, Hajiya. Sha'anin na'ura sai masu shi."

Ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, kuma ko wannan in an bi ta kalma kalma ba ƙarya ba ce. Shi ya sa ta fi cin sa. Ya koma gida abinci ya ƙi shiga, har matarsa Lantana ta tambaye shi ko zazzaɓi ne.

Ƙarshen wata takarda ta zo: ba za a sabunta kwantiragin Suwaiba ba. Sai a ranar ya shiga wurin Hajiya Asiya ya faɗi komai, yana tsaye kamar ɗalibi. Ta ce za ta rubuta wa Abuja, amma ya sani an riga an ba wani gurbin. Shi kuma saura masa shekara biyu ya yi ritaya, gargaɗi kawai za a ba shi.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Tsafe. Suwaiba ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya fara kame-kame, ta tare shi.

"Baba, na sani tun ranar farko. Wa kake zaton ke mai da kwanan watan daidai kullum?"

"To mi ya hana ki hwaɗi, ɗiyata?"

"Gaban mutane? In ce abokin babana bai iya aikinai ba? Na yi ta jira ko za ka kira ni gefe ka ce in nuna maka." Ta sunkuyar da kai. "Ka zo da kwamfutar?"

Tana cikin jakarsa. Ta buɗe sabuwar manhajar, ta nuna masa inda ake zuba alƙaluma, da inda ake ware gero da dawa, da yadda ake fitar da jimillar kowace gunduma. Ta ce ya gwada. Ya gwada, ya yi daidai. Ta ba shi wani mai wuya, shi ma ya yi daidai, don kan lissafi bai taɓa barinsa ba.

Bayan azahar suka fara. Lokacin da ya gama na ƙarshe, ba a ko kira la'asar ba. Ya zauna yana kallon allon, hawaye na bin gemunsa.

"Ke nan duka?" ya tambaya.

"Ke nan duka, Baba."