Ba a Tura Hajiya

Duk wanda ya san Kawu Sale, ƙanen Innarmu, ya san ba ya amsa gaisuwa sai an fara gaida kekensa. Keken guragu ne mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da hannu, wani maƙeri a Yelwa ya harhaɗa masa da tarkacen tsofaffin kekuna. Tun da suka je Makka tare ya raɗa masa suna Hajiya. Sai ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina kwana?" ya kau da kai.

"Ba ka ga babba ba?"

Dole ka juya ka ce wa ƙarfe, "Hajiya, an tashi lafiya?" Sannan ya buga ƙararrawa sau biyu, wai ta amsa.

Ƙafafunsa sun shanye tun yana goye, amma kaf danginmu babu wanda ya kai shi yawo. Ƙugiyar kamun kifi yake sayarwa da allura da zaren saƙa koma ta masunta, yana kuma gyaran fitila. Ya bi motar albasa zuwa Ibadan, ya bi jirgin ruwa zuwa Yamai, ya leƙa Kumashi, ya tafi aikin hajji ta ƙasa har muka fid da rai. Dokarsa ɗaya ce: a ɗaga Hajiya a ɗora a mota, wannan ba komai, kowa ma ana ɗaga masa kaya. Amma ba a tura ta.

Kun tuna takalminsa? Tun kafin a haife ni ya saye shi, kullum yana rataye a gaban keke. Ranar Juma'a sai ya jera shi a ƙofar masallaci cikin na mutane. Wata rana Inna ta gaji ta ce, "Sale, don Allah mi kake yi da takalmi?"

Ya ce, "Yaya, wanga takalmi ya tahi Makka ya dawo ko ɗinki bai saki ba. Ku masu ƙafa, almubazzarai, nawa kuka cinye bana?"

A Ibadan kuwa, wai wani mai babbar riga ya zo wucewa ya jefa masa kwabo a cinya. Garin duk tudu da gangare ne. Kawu ya saki birki ya bi shi, kaji suna watsewa, mata suna janye tire, har ya sha gabansa ya danƙa masa ƙugiya biyu.

"Ka manta kayanka."

Mutumin ba ya jin Hausa, ya tsaya yana jujjuya ƙugiya. Kawu ya ce mana, "Daga ganin hannunsa bai taɓa kama ko tarwaɗa ba, amma ciniki ya faɗa." Muka ce to komawa saman tudun fa? Ya ce, "Har la'asar ina murzawa. Mutum uku suka so turawa, uku na kora."

Da aka datse kogin Kwara a Kainji ruwa ya cinye gungunmu, tsibirin da muke zaune, aka kwashe mu zuwa sabbin gidajen siminti a tudu, wajen Ngaski. Kowa yana kukan gona da kaburburan iyaye, Kawu shi ƙofa ce damuwarsa. An yi ta tsukakkiya, Hajiya ta ƙi shiga. Malamin da ke rabon gidaje ya ce, "Baba, ka bar keken a waje, a ɗauke ka a shigar da kai."

"Wadda ta shiga Madina ita za ta kwana waje kamar akuya?"

Ya ari guduma ya hau dukan bango daga zaune. Malam ya ce, "Baba, an fa auna ginin nan kafin a yi."

"To ai ni ba a auna ni ba."

Har yau gidansa ne kaɗai mai ƙofa kamar ta rumfar kasuwa.

A shekarar nan ce zazzaɓi ya kama 'yata Talatu, tana da shekara uku. Zazzaɓi ya tafi, ya tafi da ƙafafunta. Ni dama mai fargaba ce, Kawu ma Sarkin Tsoro yake kirana, sai abin ya ƙaru. Na kulle ta a ɗaki. Ina tsoron idon mutane, ina tsoron bakin yara, ina tsoron wannan sabon ruwa da ba a ganin ƙarshensa. In zan fita na goya ta na rufe ƙafafun da zane. Kusan shekara biyu muna haka, Kawu yana can yawonsa.

Ranar da ya dawo sai na ji ƙararrawa a ƙofata. Na ce, "Kawu, bismilla."

"Ke ma kin san ƙofarki ba ta cin Hajiya. Hiddo min jikata."

"Ba ta jin daɗi, Kawu."

"Ita ko ke?"

Na juya na koma ɗaki. Ya ce to shi ba ya gaggawa, ya ciro fitilar wani ya hau gyara a cikin rana. Azahar ta yi, gumi yana zuba, maƙwabta suna leƙe. Kunya ta sa na fito da ita. Ya dubi ƙafafunta ya dubi nasa, ya ce, "Ashe 'yar tsohuwar nan kwaikwayona take yi." Ya ɗora ta a cinya, ya aza hannunta a kan abin murzawa, suka nufi bakin ruwa. Ina bin su a guje ina cewa a hankali, a hankali. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Da muka tsaya ya ce mini, "A'i, ƙafa ce ta mutu, yarinya na nan. Kar ki rufe ta tun ba ta cika ba."

Bayan duk wannan yawo, a kan tabarmarsa ya rasu, watan jiya. Ya bar wasiyya a kai Hajiya wurin maƙeri a rage mata tsawo, a ba Talatu.

Shekaranjiya ta fara zuwa makarantar allo da kanta. Akwai ɗan tudu kusa da rijiya, nan keken ya tsaya ya soma ja da baya. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Inna, ba a tura Hajiya." Na damƙe bakin zanena da hannu biyu, na tsaya ina kallo. Ta murza, ta huta, ta sake murzawa. Da ta hau sai ta buga ƙararrawa sau biyu.

Allah ka jiƙan Kawu Sale. Ka san bawanka ba ya son a ɗauke shi. Ka buɗe masa ƙofa mai faɗi, ya shiga da ƙafarsa, sanye da takalmin nan nasa. Ni kuma ka ba ni ƙarfin riƙe hannuna. Amin.