Dutsen da ke ƙarƙashin tirela

Ku ji abin da idona ya gani yau! Wani Alhaji ya kawo sabuwar a-kori-kura, wai a yi musaya, Baba ya ba shi tsohuwar motarmu da shanu biyu. Aka gwada su da tirelar taki. Tamu ta yi ta gurnani, ko motsi! Tasa ta ja kamar wasa.

Amma na ga ya shure wani dutse daga gaban tayar tirelar kafin tasa ta ja. Na raɗa wa Baba.

Baba ya ce, "Alhaji, mayar da dutsen, a sake."

"Haba Malam, da tsadar man nan?"

Baba ya ɗaura wa tamu tirelar, ba dutse. Har bakin rijiya ta kai! Muka waiwayo, Alhaji har ya hau titi.