Ranar da Turancina Ya Ƙi Fita

Shekarun baya, ina da arba'in da ɗoriya, na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gusau. Ba yabon kai ba, ni ce ta ɗaya a Turanci. In malaminmu ya ce a karanta, ni ke miƙewa in karanta tiryan-tiryan. Ƙawata kuwa, 'yar ƙauyen Karakkai da muke zama benci ɗaya, in aka tashe ta sai in'ina, har ni ke raɗa mata amsa.

Sai aka kawo sabuwar nas daga Kudu wani ƙaramin asibiti a Bungudu, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ana neman mace guda da za ta riƙa yi mata tafinta ranar awon ciki. Malam ya tura mu biyu a gwada. Ni har ɗinki na yi, don a raina aikin nawa ne.

A ofis nas ta tambaye mu suna da gari da yawan 'ya'ya. Na amsa a tsanake, babu tuntuɓe. Ƙawata ta yi ta kame-kame. Na gyara zama.

Ana nan aka shigo da wata Bafulatana mai tsohon ciki, tana dafe da kai, tana cewa tun jiya take ganin duhu-duhu, ƙafafunta sun kumbura. Nas ta kalle ni. Wallahi na san kowace kalma. Amma sai na tsaya jera su a kaina kamar zan rubuta jarrabawa, ina tsoron in yi kuskure a gaban mai harshen. Kafin in gama jerawa, ƙawata ta zubo nata Turancin, guntu-guntu, rabi da baki rabi da hannu, tana nuna ido tana nuna ƙafa. Nan take nas ta ɗauko abin awon jini. Ƙawata aka ɗauka aikin.

Wata biyu ban gaishe ta ba. Duk inda na zauna sai na kwaikwayi Turancinta a yi dariya. Har wurin malam na kai ƙara, na ce an yi son kai.

Ya ce, "Hajiya, mi aka yi miki? Ke kina magana don kar a kama ki da kuskure. Ita tana yi don a gane ta."

Ban yafe masa da wuri ba.

Yanzu na san Turancina ba ɗaya ba ne. Akwai na takarda, mai tsabta. Akwai wanda nake yi da jikokina, yana zuba ba birki. In ido ya yi mini yawa kuwa, har yau maƙalewa yake yi.

Mun shirya da ƙawata tuntuni, ni na je har gida. Bafulatanar nan ma an ce ta sauka lafiya. Amma in na bi ta ƙofar asibitin na jiyo muryar ƙawata tana wannan karyayyen Turancin, ana amsa mata, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na yi istigfari, bai tafi ba.