Ruwan da Jinadasa Ya Kasa Zubawa

Matso kusa, ga tabarma, in ba ka labarin maƙwabcina Jinadasa.

Direban tankar ruwa ne a birnin Kolombo, mai ƙaramar murya da ƙaton gashin baki. Matarsa Kusuma kwakwar sha take sayarwa a bakin titi, bakinta ya fi addarta kaifi. Da safe ta katanga muke jiyo ta: "Kai mai shayar da rabin gari, randar gidanka ƙaf!"

Ranar ma'aikata, da bam ya tashi da shugaban ƙasa a tsakiyar jerin gwano, aka kira Jinadasa da tankarsa. Wani mai kaki ya ce, "Wanke titin nan, maza." Ya kama tiyo ya wanke. Jini, takalma, da guntayen da bai tsaya dubawa ba, duk suka bi kwata.

Ashe Kusuma ta bar inda ta saba zama ta bi taro, don ranar ciniki ce. Da yamma aka kawo masa addarta, ya gane jan ƙyallen da ke ɗaure a ƙotar. Abin da aka samu ke nan.

Daga nan fa bakin mutane ya koma kansa. A shagon shayi kowa da tasa: wannan ya ce 'yan tawaye ne, wancan ya ce ɓarawon gida ne, in ba haka ba, saurin wanke wurin na mene ne?

"Aiya, babban yaya," in ji mai shayi, "kai fa ka wanke asirin ƙasar nan. Wa ya sa ka? Faɗa mana, shayin yau kyauta."

"Ban kalli fuskarsa ba."

"Kai dai ka iya bakinka!"

Su kwashe da dariya, shi ya tashi ya bar shayinsa.

A al'adar garin, ranar sadakar mamaci, dangi kan haɗa hannu a kan buta, su tsiyaya ruwa a kofi har ya tumbatsa, ladan ya isa ga wanda ya tafi. Kowace shekara 'yarsu Nilmini takan dafa shinkafa, ta gayyato malaman ibada, ta ɗauko buta.

"Thaththa, ɗora hannunka kawai, ni zan zuba," takan ce wa uban. "Mama na jira."

"Ai na zuba mata ruwa, 'yata. Tanka guda."

Ya fita tsakar gida, ya zauna har a watse.

Bara ya rasu, bai taɓa butar ba. Ranar sadakarsa ni na haɗa hannu da Nilmini. Na miƙo kofi na biyu don mahaifiyarta, ta girgiza kai.

"Ɗaya ya isa, kawu. Ya kai mata da kansa."

Har yau a shagon shayi ba a gama gano wanda ya kashe shugaba ba. Kai da ka ji, wa za ka ce ya kashe Jinadasa?