Hajiya Zulfa Mai Igiya

Haihuwa

An haifi Hajiya Zulfa a wani ƙauye da ke gabashin Mai'aduwa, cikin masarautar Daura, a wata Alhamis ta watan Yunin 1958, ranar da ruwan shuka ya sauka tun da asuba har maza suka watse gonaki aka bar matan gida da mai naƙuda. Mahaifinta Malam Mainasara dillalin awaki ne, mahaifiyarta kuma Adama.

Karatu

An sa ta firamare a 1965. Tana aji biyar kakanta na wajen uwa ya rasu, aka fita rabon gona da igiyar awo. Bisa al'ada mace ba ta zuwa wurin, ɗan'uwanta ke tsaya mata wakili. Kawu Kabo ya tsaya wa Adama, da yamma ya dawo da damin gero biyu ya jingine a bakin rumbu. Da Adama ta tambayi inda rabonta ya faɗa, sai ya ce, "Ke Adama, mace da sanin iyaka? Ki ci ki gode Allah." Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taka gonar nan ba, damin ma daga shekara ta uku ya daina zuwa. Zulfa na tsakar gida, ta ji. Ta kammala kwalejin horar da malamai mata a 1977.

Aiki da aure

Ta koyar shekara ashirin da uku tsakanin Mai'aduwa da Daura. A 1978 ta auri Malam Sada, malamin gona, wanda a wurinsa ta koyi awon fili.

Gwagwarmaya

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, sai ta ajiye alli ta sayi igiya. Hujjarta guda ce: tunda Alƙur'ani ya yanka wa mace rabonta, to ta tsaya da ƙafarta a kansa ranar da ake jan igiyar awo. Ta bi ƙauyuka a bayan babur har Mashi da Kwangwalam, tana raka zawarawa da marayu gaban alƙalai, tana auna gona, tana dasa gamba a kan iyaka. Mutanen da suka fi kowa ɗaga murya a taron neman shari'a, su ne suka fara rufe mata ƙofar zaure. Duk da haka, cikin shekara uku mata arba'in da ɗaya suka karɓi gonakinsu.

Majalisa

Matan nan da danginsu suka kai ta majalisar dokoki a 2003. Ƙuduri ɗaya tak ta gabatar: kada a raba gonar gado sai magajiya na tsaye a wurin. Aka miƙa shi ga kwamitin da wani Alhaji Kalilu ke shugabanta, ya zauna a kai shekara huɗu. Ranar da ta tsare shi, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, gona ga rana ga kunama, ai tausayinsu muke ji." Ta ce, "Alhaji, kunamar ba ta harbinsu ranar cirar gyaɗa, sai ranar rabo?" Bai dai saki takardar ba. A 2007 jam'iyya ta ba wani takara, ƙudurin ya mutu tare da wa'adin majalisar ba tare da an yi masa karatu na biyu ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a Daura cikin watan Mayun 2009 bayan jinyar hawan jini, aka yi mata sutura a maƙabartar ƙauyensu. Alhaji Kalilu na sahun gaba. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Fadila, Munzali, Ummukulsum da Zakiyyu.

Ba a yi sadakar arba'in ba ruwan shuka ya sauka, aka fara tumɓuke gamba daga kan iyakokin. Fadila ta ɗauki igiyar uwarta ta sake bin ƙauyukan bayan girbi. Cikin gonaki arba'in da ɗaya, ashirin da shida sun koma hannun 'yan'uwa maza, tara an ci rabinsu da garma, shida kawai ta samu yadda aka auna su.