Wankan Baba Mai Faci

Surukina mai faci ne. Tun kafin a haifi mijina yake zaune a bakin titi da bahonsa na ruwa, da famfo, da gwangwanin sholisho, gam ɗin liƙe faci, yana gyara tayoyin mutane. Sana'ar datti ce, amma ban taɓa ganin mai tsafta irinsa ba. Da ya dawo gida, ko ruwan sha ba ya karɓa sai ya shiga banɗaki ya dirje jikinsa, ya fito yana ƙamshin sabulu. Yakan ce baƙin mai na titi ne, ba ya bin sa ɗaki.

Ran nan jak ɗin da ya ɗaga mota da shi ya zame, motar ta sauko masa a ƙafa, ta karya ta. A asibiti aka ɗinke raunin, aka sa masa filasta, farar nan mai tauri kamar siminti, daga gwiwa har tafin ƙafa. Likita ta ja mana kunne sosai: idan ruwa ya shiga ciki, raunin zai ruɓe ba tare da an gani ba, kuma a shekarunsa ana iya rasa ƙafar.

To ga matsala. Surukata ta rasu, mijina direban babbar mota ne, yana can nesa a kan hanya. Daga ni sai Baba a gidan. Na tattara kunyata na ce masa, "Baba, ko in kawo ruwa da tsumma in goge maka baya?"

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ke 'yar nan, ki kiyaye ni. Matar ɗana? Gara in yi wari."

Kuma warin ya fara. Gaskiya na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa. Ya daina fitowa tsakar gida, abokan sana'arsa su zo dubiya ya ce in ce yana barci. Mutumin da ke cika gida da hira ya koma kallon bango. Mijina ya bugo waya yana cewa zai ajiye motar ya taho, ko da zai rasa aikin.

Wata safiya Baba ya ƙwala mini kira. "Je ki rumfata, ki ce wa abokan sana'ata su ba ki robar cikin taya ta babbar mota, da almakashina, da sholisho."

Na kawo. Ya zauna ya yanka robar daidai tsawon ƙafarsa, ya kankare bakin gefe ɗaya, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manne, ya sa na ɗora turmi a kai. Ga safa ta fito, baƙa ƙirin, mummuna. Na ce to sai wanka. Ya ce wane mutum! Tayar da ba a gwada ba, ba ta hawa titi. Ya hura mata iska, ya shaƙe bakin, ya danna ta cikin baho yana bi da ido. Sai ga kumfa siririya daga kusurwa. Ya yi dariyarsa ta farko tun da ya karye, ya ce, "Na kama ka, ɓarawo." Ya yi faci, ya sake gwadawa, ruwa ya kwanta lif.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Da ya zura ƙafar don gwaji, sai ya ɗaure saman da igiyar roba tamau, kamar mai ɗaure kaya a bayan keke. Kafin in dawo daga kicin yana cije leɓe, cinyar ta kumburo a bakin ɗaurin. Ranar na manta da surukuta.

"Baba, kwance! Ƙafa ce, ba taya ba! Ruwa kake gudu ka tsayar da jini?"

Ya kwance yana gunaguni, yatsun sun yi sanyi, sai da suka ɗumama hankalina ya kwanta. Na buga wa wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin waya, ta ce a naɗa tawul a bakin filastar, robar ta rufe ba ta matse ba, ya yi wankan a zaune, ƙafar kuma a ɗage nesa da ruwa.

Na kai masa kujera da benci na ɗora ƙafa, na shimfiɗa tsohuwar tabarmar roba don santsi, na ajiye bokiti da kofi inda hannunsa zai kai. Ya dogara sandunan da aka ba shi a asibiti ya shiga, na ce kada ya saka sakata, ya ce in zauna nesa amma inda zan ji kira. Na zauna ina kasa kunne. Na ji saukar ruwa, kofi bayan kofi. Can sai na ji yana waƙa.

Ya fito cikin farar riga, fuskarsa tana sheƙi. Ya zauna a tsakar gida, ya zare robar, ya warware tawul. Sai ya miƙo mini ƙafar.

"Taɓa ki ji."

Tun da na shigo gidan nan ban taɓa ko gefen rigarsa ba. Na durƙusa na shafa filastar daga sama har ƙasa, na zagaya ta baya. A bushe take ƙayau. Hawaye suka zubo mini don murna, na yi maza na kau da kai kada su ɗiga a kanta.

Baba ya gyara zama ya ce, "Buga wa mijinki waya. Ki ce masa ya riƙe sitiyarinsa, ubansa ya yi wanka da kansa."